Yaushe Alwyn Zai Shigo

Mu biyar ne a ƙungiyar kiɗa ta Marrow Abbey, yau ni kaɗai nake taka ƙasa. Wilf Ackroyd, mai ganga. Ni da likitoci suka fara yanke wa ƙauna tun gashina yana baƙi, ni na raka sauran huɗun ɗaya bayan ɗaya. Motarmu ta taɓa kifewa da mu a hanyar Carlisle cikin ƙanƙara, na fito ta tagar baya da sandunana a hannu. An tsaga ƙirjina sau biyu an ɗinke. Giyar da na sha, da za a tara ta wuri guda, jirgin ruwa sai ya yi iyo a ciki. Ga ni nan dai daram.

Makaranta ba ta riƙe ni ba, ni ma ban riƙe ta ba. Tun ban fara aske gemu ba aka kai ni masaƙar darduma a Halifax, kuma a can na koyi kiɗa, don injin da aka ba ni ɗingishi yake yi, bugu bakwai maimakon takwas. Har gobe ban iya karanta baƙaƙen ɗigon nan da makaɗa suke jerawa a kan layi ba. Me zan yi da su? Hannuna ya san hanya.

Irin kiɗan rok da muke yi ba na ɗaure takalmi ba ne, wanda kafin ka gama igiya ɗaya ya ƙare. Waƙarmu guda takan cinye gefen faifai cur. Wadda ta fi duka ita ce "Faɗuwar Birnin Gishiri". Da iska take farawa, sai ƙararrawa, sai ni. Alwyn Tranter ya rubuta ta, mai muryarmu kuma mai kaɗa ogan, abin kiɗan nan da ake dannawa kamar fiyano, ɗan limamin coci daga wajen Wales, dogo siriri kamar tsinken tsintsiya. Mutane sukan zo su zauna mana shiru, ba rawa, ba ihu, su rufe ido suna ƙirga bugu a gwiwa. Wannan shi ne mu.

Sai shekarar tamanin da biyu ta zo. Ba na son maganarta, amma labarin nan ba zai tafi ba sai da ita. Kamfanin faifai ya ce duniya ta gaji da biranen gishiri. Aka aske mu. Aka sa mana kwat masu kafaɗa kamar teburi, tawa ruwan hoda. Muka yi faifai mai gajerun waƙoƙi irin na rediyo, su "Kira Ni Ran Talata", su "Jan Takalmi", da uwarsu duka, "Laima Ɗaya". Bugu huɗu ne, dum-tas, dum-tas, daga farko har ƙarshe. Akuya ma in ka ɗaura mata sanda a ƙafa za ta kaɗa. Aka kai mu talabijin muna motsa baki, ana hura mana hayaki, 'yan mata suna juya laima a bayanmu, ni ina dukan gangar da aka cusa wa matashin kai don kada ta yi ƙara. Uwata ta gani, ta ce sai yau ta gane abin da nake yi.

Kuma "Laima Ɗaya" ta ƙi mutuwa. Ina zaɓen waken gwangwani a kanti sai in ji ta tana sauka daga rufi, in ajiye kwandon in fice kaina a ƙasa. Ranar da za a tsaga ni karo na biyu, nas ɗin da take tura gadona ta ji ko ni wane ne, sai ta kama rera ta har ƙofar tiyata. Ban taɓa ɗokin allurar barci kamar ranar ba.

Masoyanmu na gaskiya kuwa, masu gemu da tabarau, sun san maganinta. Duk wasan da muka yi bayan wannan shekara, da an fara ta sai su miƙe gaba ɗaya su yi layi zuwa banɗaki. Suka sa mata suna waƙar fitsari. Ni ina can bayan ganguna ina dum-tas, ina kallon ƙeyarsu, zuciyata tana cikin layin.

Alwyn ya rasu a Oktoban da ya wuce, a kan kujerarsa, bayan abincin rana. Da aka kwana biyu na je gidan. Na tarar da matarsa Glenys a kicin ita da 'yarsu Nerys, ga butar shayi, ga katunan ta'aziyya an jera a taga. Glenys ta san ni tun kafin ta san shi, tare muka yi aiki a masaƙa. Ni na haɗa su ma, ko da yake ita takan ce ƙarya nake.

"Goge ƙafarka, tsohon najadu," in ji ta. "Mijina ne ya mutu, ba dokar gidan nan ba."

Na goge, na zauna. Nerys ta zuba mini shayi.

"Kawu, mun je gidan ƙona gawa da safe," ta ce. "Rabin sa'a suke ba kowa. A shiga, a yi addu'a, mutum biyu su yi magana, sai waƙa ɗaya lokacin da labule zai rufe akwatin. Mama ta riga ta zaɓa."

"Wacce?"

Glenys ta dube ni ido cikin ido. "Laima Ɗaya."

Shayin ya kusa biyo mini ta hanci.

"Glenys, wasa kike."

"Ka ga alamar wasa a fuskata?"

"Mutumin da ya rubuta Birnin Gishiri za ki raka da waƙar tallan sabulu?"

"Ba a taɓa tallan sabulu da ita ba. Man gashi ne."

Nerys ta toshe baki tana dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

"Da bakinsa ya faɗa wa 'yan jarida ya tsane ta," na ce. "Ina wajen."

"Ya faɗa wa masu gemu abin da suke son ji. A gidan nan kuwa, ita yake yi in yana wanke kwano. Kai ka taɓa ganin mai wanke kwano da Birnin Gishiri? Ai sai ruwan ya huce."

To, abin da ba su sani ba, tun da sassafe Crispin Pell ya kira ni. Shi ne shugaban ƙungiyar masoyanmu, tsohon malamin lissafi, mutumin da ya san ranar da na canja fatar kowace ganga. Ya ce mutane suna tahowa daga Holland, wasu har daga Quebec. Ya ce, "Malam Wilf, yanzu kai ne Marrow Abbey. Kai za mu kalla." Haka ya ce. Kuma ni na san gaskiya ya faɗa. In aka sa waƙar nan a gabansu, ba Alwyn za su kalla ba, shi yana cikin akwati. Ƙeyata za su kalla.

Sai na ajiye kofi na ce, "Kin san abin da suke yi in sun ji ta. Kina so labule yana rufewa, rabin ɗaki ya miƙe ya nufi banɗaki?"

"Haba, Kawu," in ji Nerys. "A jana'iza?"

"Ba su za su yi ba, ƙafarsu ce za ta yi. Shekara arba'in tana yi. Ku ba ku san su ba, ni na san su."

Na yi ta magana. In na kama magana ban taɓa faɗuwa ba, kowa ya shaide ni. Na kawo mutuncin Alwyn, na kawo tarihi, na kawo abin da za a faɗa a kansa bayan duk mun mutu. Glenys tana ta juya cokali a kofin da ba komai a cikinsa. Can ta ɗaga hannu.

"Wilf, ya isa. Na gaji. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ni dai muryarsa nake so in ji a ɗakin nan kafin su tafi da shi. Ko jadawalin bas yake karantawa, in dai muryarsa ce."

"Ai kuwa a Birnin Gishiri ya yi muryar da bai taɓa yin irinta ba. Ki bar mini komai."

"Kawu, ba ita ce mai tsawon nan ba?"

"Ba ta da tsawo in kin san ta, 'yata."

Ana jibi jana'iza muka je gidan ƙona gawar ni da Crispin don a tsara abin. Wadda take kula da ɗakin wata ce Misis Oddy, gajeriya, mai takalmin da ba ya ƙara. Ta zaunar da mu da ladabi.

"Baba, na saurari waƙar jiya," ta ce da ni. "Akwai nisa kafin mai waƙa ya fara. Tun da ba za ta shiga duka ba, me zai hana in fara muku daga inda muryar ta shigo?"

Crispin ya cire tabarau kamar an mare shi.

"Malama, ba burodi ba ne da za a yanko daga tsakiya."

A wajenmu, da ka fara waƙa daga tsakiya, gara ka zagi uwar mutum. Mun taɓa barin gidan rediyo muka kwashe kayanmu a kan haka. In lokaci ya ƙare a ƙarshe a rage sauti a hankali, wannan ana iya haɗiye shi. Amma farko farko ne.

"Gabatarwar 'yar gajeriya ce," na ce mata. "Ni na kaɗa ta, ni zan faɗa miki. Kafin ki gyara zama ya shigo."

Kuma Allah ya sani ba ƙarya na shirya mata ba. Haka take a kaina. Na kaɗa wajen nan a dandamali ya fi a ƙirga, kuma kullum ƙiftawar ido ne. Ko a gida in ta zo a kunnena, hannuwana sukan hau gwiwa su bi ta, sai dai in ga Alwyn ya shigo. Misis Oddy ta dube ni, ta dubi Crispin, ta ce, "To, sai masu magana su taƙaita sosai."

"Kalma biyu zan faɗa," na ce.

Ranar ana yayyafi. Ɗakin ya cika har wasu suna tsaye a jikin bango, masu gemu da tsofaffin rigunanmu a ƙarƙashin baƙar kwat, wasu rigunan sun girmi Nerys. Na shigo, kai ya yi ta juyowa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Aka zaunar da ni a layin gaba, Glenys a tsakiya, ni a hagunta, Nerys a damanta, can gefe kuma yayar Alwyn, Dilys, tsohuwa mai nauyin kunne da aka ɗauko daga Wales.

Crispin ya fara magana. Ya yi bayanin yadda Alwyn yake sauya muryar kiɗa a tsakiyar waƙa, masu gemu suna gyaɗa kai, dangi suna kallon takalmansu. Sai ni. Na ba su labarin Carlisle, yadda na janyo Alwyn daga cikin mota yana tambayar ko ogan ya ji ciwo. Aka yi dariya. Ni kuwa in aka yi mini dariya, birkina ya tsinke ke nan. Na kawo na Montreal, ranar da hayaki ya rufe dandamali ya taka ya faɗa kan 'yan layin gaba bai daina waƙa ba. Na kawo na otal ɗin Hamburg. Na hango Misis Oddy a can baya tana taɓa wuyan hannunta, na ɗauka ƙaiƙayi yake mata. An ce na daɗe. Ni dai ban ga haka ba.

Na dawo na zauna. Limamin cocin da aka gayyato ya faɗi nasa da sauri kamar ana korarsa. Sai Misis Oddy ta danna abinta, labule ya fara tafiya, iska ta fara kaɗawa a lasifika.

A nan ne Glenys ta miƙo hannu ta kama nawa. Tun da nake da ita ba ta taɓa yi ba. Ta riƙe shi gam a kan cinyarta, ɗayan hannun nawa kuma yana riƙe da hulata.

Labulen ya gama rufewa iska ba ta gama ba. Muka zauna muna kallon labule. Sai ƙararrawa, ɗaya, a jira, ɗaya, a jira. Ban taɓa sanin ana jira haka a tsakaninsu ba. A dandamali lokacin nan nake goge tafin hannu in gyara kujera.

Sai ni na shigo.

Jama'a, ban taɓa jin kaina hannuna a ɗaure ba sai ranar. Na ji wani mutum yana dukan ganga. Ya iya, wannan ba a magana, ba a yi biyunsa ba a ƙasar nan. Amma ya ƙi tsayawa. Ya zagaya, ya dawo, ya sake zagayawa. Inda na tabbata nan ne ƙarshe, sai ya ɗauko daga farko. Sai na tuna ashe ni na tayar da rigima a situdiyo sai da aka ninka mini wajen, har na yi barazanar komawa masaƙa.

Glenys ta karkato kanta. "Yaushe zai shigo?"

"Yanzu-yanzu."

A bayanmu ina jin tafukan hannu a kan gwiwoyi, tap-tap-tap, ɗaki guda yana ƙirga bakwai. Wani yana shessheƙa. A layinmu kuwa ba mai motsi. Dilys ta juyo ta ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa, "Injin ne ya lalace?"

"Shhh," in ji wani daga baya.

"Wa yake ce mini shhh a jana'izar ƙanena?"

Nerys ta dafa ta. Gangar ta lafa, na ji sanyi a raina, sai sarewa ta ɗauka. Na manta da sarewar sam. Marigayi Hedley ne, mai sarewarmu, Allah ya ji ƙansa, shi ma ba ya san ajiye abu in ya ɗauka.

"Wilf."

"Bayan sarewar nan."

"Bayan sarewa sai shi?"

"Sai ogan kaɗan. Ai shi ne yake kaɗawa, hannunsa ne."

"Ba hannunsa na ce maka ba."

Gumi ya jiƙa mini wuyan riga. Ƙofar shigowa tana da gilashi mai duhu-duhu, ta cikinsa ina ganin inuwar mutane sun taru, wasu da laima. Masu gawa ta gaba ne. Misis Oddy ta taho a kan takalminta marar ƙara, ta durƙusa a gaban Glenys.

"Mama, ki yi haƙuri. Na ƙara muku iya abin da zan iya. Akwai wasu a waje da tasu gawar, kuma ruwa ya ƙaru."

"Ki tsallaka zuwa inda yake waƙa," in ji Nerys. "Don Allah. Ko layi ɗaya."

Misis Oddy ta dube ni. "A minti na nawa ne, Baba?"

Na buɗe baki. Ni ban san ta da minti ba. Na san ta da zagaye, da inda kafaɗata take fara ciwo, da inda Alwyn yake ɗaga gira. "Gaba kaɗan," na ce.

Ta koma da sauri. Sarewar ta katse kamar an shaƙe Hedley. Ɗaki ya ɗauki gunaguni, na ji muryar Crispin a can baya, "Ba a yin haka!" Ta tsallaka, ta faɗo a kaina ina duka. Ta wuce muryar Alwyn ke nan, ta shiga wajen da nake sake karɓa bayan baitinsa. Ta koma baya, ogan. Ta sake gaba, ni ne dai. Ko'ina matar nan ta sa hannu a cikin Birnin Gishiri, Wilf Ackroyd take tararwa. Sai wani ma'aikaci ya buɗe ƙofar gefe wadda ake fita, iska ta gaske ta shigo, sautin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke.

Glenys ta saki hannuna. Ta miƙe ta gyara jakarta, ta tsaya tana kallon labulen.

"To," ta ce. "Shi ke nan."

Ta fita, Nerys tana riƙe da gwiwar hannunta.

A waje, inda ake jera furanni, suka yanyame ni. Wani ƙaton mutumin Holland ya rungume ni yana kuka, ya ce bai taɓa jin gangar nan ta shige shi kamar yau ba. Crispin ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Malam Wilf, ka kare masa mutunci. Ban da ɓarnar da matar nan ta yi a ƙarshe, ai da an ce ba a taɓa jana'iza irin wannan ba. Ka ga da an bar dangi, waƙar fitsari za su sa."

Suka yi dariya. Da a ce jiya ne, ni zan fi kowa. Na ce ƙafata tana ciwo, na nemi mota.

A kulob ɗin ma'aikata aka yi zaman bayan jana'iza, inda muka fara wasa muna samari. Shayi, giya, burodi mai nama a tsakiya. Masu gemu suka kama kusurwa guda suna gardamar wane wasa ne Birnin Gishiri ta fi tsawo. Glenys tana can teburin bakin taga, mutane suna zuwa suna tafiya, tana amsa gaisuwa. Na zagaya ɗakin ya kai sau nawa kafin ƙafata ta yarda ta kai ni. Ni da na tsaya a gaban dubban mutane ba riga.

"Glenys, akwai lasifika a nan. In ce su sa miki waccan?"

"Wacce?"

"Kin sani mana."

"Ban sani ba. Waƙoƙinku da yawa."

Crispin yana tsaye ba nisa da faranti a hannu. Na rage murya.

"Laima Ɗaya."

Ban tuna rabon da sunan ya fito daga bakina ba. Ta dube ni ta daɗe. Da ma ta zage ni. Glenys ta iya zagi, a masaƙa har manyan maza suna kauce mata. Da ta zage ni da na san inda zan sa kaina.

"Ina da ita a gida, Wilf," ta ce. "Ina da ita a mota. Kanti ma suna sa mini kyauta. A ɗakin can nake so, yana kwance a gabana. Je ka ci abincinka."

Na je na ɗauki faranti. Ban san abin da na ci ba.

Saura toka. Kowa ya san Alwyn ya ce a bakin teku a Filey yake so a watsa shi, can suke zuwa hutu shi da Glenys tun Nerys tana goye. Na sa a raina ranar zan gyara komai. Ba zan ce uffan ba. Duk abin da ta sa, zan tsaya in cire hula in saurara, ko da duk masu gemun duniya suna kallo daga kan tudu. Na goge takalmi. Na faɗa wa 'yan mashayarmu ni zan riƙe tulun tokar, don wa ya fi ni cancanta? Na yi ta jiran waya. Na ce a bar ta ta huta, mace mai takaba ba a matsa mata.

Ganye ya gama zuba, aka fara rataya fitilun Kirsimeti a gari. Wata Asabar da hantsi ina layin mai kifi a kasuwar Halifax sai ga Nerys da jaka a hannu. Ta sumbace ni a kumatu kamar kullum.

"Kawu, ka rame."

"Ni? Likita ya ce zuciyata ta ɗan shekara hamsin ce. Yaya Mama? Yaushe za mu Filey? Sanyi yana ƙaruwa fa."

Ta sauya jakar daga hannu zuwa hannu.

"Mun je, Kawu."

"Kun je ina?"

"Filey. Lahadin da ta wuce waccan. Ni da Mama da Gwaggo Dilys."

Mai kifi yana ta sara kan wani ƙaton kifi. Na tsaya ina kallon wuƙar.

"Ai kun kyauta," na ce. "Da ma Lahadin nan ina da abin yi. Ko kun kira ni ba lalle in samu zuwa ba."

"Haka Mama ta ce."

"Crispin fa? An faɗa masa?"

"Haba, Kawu."

Layi ya matsa, na matsa. Ba na son tambayar, amma ta fito da kanta.

"Ta ji shi?"

"Ta ji. A wayata na sa mata Laima Ɗaya. Iska tana ta kaɗawa, amma ta kara a kunnenta. Muka sa, muka sake sawa. Gwaggo Dilys ma ta ce ta ji, har tana bin amshi."

"Madalla."

"Zan ce mata na gan ka."

"Ki gaishe ta. Ki ce ina nan tafe."

"Zan faɗa."

Ta tafi. Mai kifi ya ce, "Baba Wilf, me za a ba ka?" Na ce ya ba ni abin da ya saba ba ni. Ya naɗe a takarda, na sa a jaka, na hau bas ɗin da ba nawa ba, sai da muka kai Sowerby Bridge na farga.

Glenys ba ta kira ba har yau. Ni ma ban je ba tukuna. Ba wai tsoro ba ne, mutumin da aka tsaga sau biyu ba ya tsoron ƙofar kicin. Hanyar gidan ko ido rufe na san ta. Gobe ko jibi zan je, in ruwan nan ya ɗauke.